Tudun Bompai da Gangarensa

Idan hira ta kai ga masana'antun Kano, yawancinmu shekarar 1986 muke ɗora wa laifi, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi. Wasu kuma su ce atamfar waje ce da ta cika Kantin Kwari. Duka biyun sun yi ɓarna. Amma muna ganin tafiyar ta fara sanyi tun kafin nan, kuma akwai wani tsohon lissafi da ke taimaka wa mutum ya ga hakan.

A jefa dutse sama a karkace. Hanyar da zai bi, ya hau ya lanƙwasa ya sauko, ita masu lissafi ke kira farabola. Abin da ya daɗe yana ba su wahala shi ne auna tsananin hawa ko gangara a daidai wuri guda, tunda kan layi mai lanƙwasa kowane taku da irin karkatarsa. A ƙarni na 12 Sharafuddin Aɗ-Ɗusi ya yi aikin gano ƙololuwar wasu lissafai ta hanyar da wasu masana tarihi ke ganin ta kusa da amsar. A shekarun 1630 wani lauya Bafaranshe, Ferma, ya fito da dabara: a ɗauki wuri biyu dab da juna, a auna karkatar da ke tsakaninsu, sannan a matse tazarar har ta ɓace. Niyuton ya faɗaɗa ta a 1665 zuwa 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij, Laibniz kuma ya buga tasa hanyar a 1684.

Ga yadda take aiki. Mu ɗauki y = x². Idan muka matsa daga x zuwa x + h, tsayi zai ƙaru da 2xh + h². A raba da tazarar, wato h, a sami 2x + h. Da h ta ƙanƙance ta ɓace, saura 2x. Shi ke nan karkatar a wannan wuri. Wannan sakamako shi ake kira diribatif.

To, mu kifa farabolar ta zama tudu: y = 20x − x². Karkatarta 20 − 2x ce. A x = 3 karkata 14 ce, ana hawa da ƙarfi. A x = 8 tsayi ya kai 96, amma karkata ta ragu zuwa 4. A x = 10 an kai ƙololuwa, tsayi 100, karkata sifili. A x = 12 tsayi 96 ne kuma, daidai da na x = 8, sai dai karkata ta koma −4. Wanda tsayi kawai yake kallo ba zai bambance wuraren nan biyu ba, alhali ɗaya mai hawa ne, ɗaya ya kama gangara.

Waɗannan lambobi misali ne muka ƙirƙira, ba ƙidayar masana'antu ba, kuma tarihi ba ya bin layi mai santsi haka. Duk da haka a dubi Kano da wannan ido. Bompai ce ta fara, tun ƙarshen zamanin Turawa, a kan albarkar gyaɗa da fata da jirgin ƙasa. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa: masaƙu, majemu, kamfanonin roba da na alewa. Jiniya ta busa, kekuna su cika titi. A cikin waɗannan shekaru na daɗi ne kuma fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman da ke ciyar da injinan matsar mai. Injina da kayan gyaransu, har da sinadarai da yawa, daga waje ake sayo su da dala. Da farashin mai ya faɗi, Shagari ya sa hannu kan dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, sayo kaya daga waje ya koma sai da lasisi mai wuyar samu. Gine-ginen suna nan, allunan kamfanoni suna nan, mai wucewa zai rantse komai lafiya. A ciki kuwa aikin dare ya fara raguwa, wani injin ya tsaya yana jiran ƙarfe ɗaya daga Turai. SAP ta tarar da masana'antun a kan gangara ne, ta ƙara ingiza su, rashin wutar NEPA da tsadar baƙin mai suka ɗora nasu.

Yanzu ana ta zancen bututun gas na AKK, daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da fatan zai tayar da Challawa da Sharaɗa. In ya iso, za a yi ta lissafa mana yawan kamfanonin da ke buɗe. Mu kam za mu so a gaya mana ma'aikata nawa aka ɗauka bana a kan na bara, da ko aikin dare ya dawo a Bompai.