Bayani A Kan Maganin Nacurofati Da Abubuwan Da Ya Kamata Sabon Majiyyaci Ya Sani

A 'yan shekarun nan ana samun ƙaruwar ɗakunan shan magani a birane da manyan garuruwa waɗanda masu su ke kiran kansu likitocin nacurofati, wasunsu kuma sukan biyo ranakun kasuwa har cikin ƙauyuka da na'urori da kwalaben magani. Ganin haka ne ya sa muka tanadi wannan bayani domin amfanin mazauna karkara, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne jama'a kan fara tuntuɓa idan baƙo ya sauka a gari da irin wannan sana'a.

Asalinsa

Nacurofati hanya ce ta neman lafiya wadda ta ginu a kan imanin cewa jiki yana da ikon warkar da kansa idan aka kawar masa da abin da ke hana shi, ta hanyar gyaran abinci, amfani da ruwa, iska, hasken rana, motsa jiki, tausa da ganyayyaki. Ba daga ƙasar Hausa ya samo asali ba, kuma ba shi ne maganin gargajiyar da muka gada daga wanzamai, maɗora da ungozoma ba, duk da cewa akwai wuraren da suka yi kama.

Tushensa yana ƙasashen Turai masu magana da Jamusanci a ƙarni na 19. Wani limamin Katolika mai suna Sebastian Kneipp, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1897 a yankin Bavariya, ya yi suna wajen yi wa mutane magani da ruwan sanyi, tafiya ba takalmi da kuma ganyaye. Ɗaya daga cikin mabiyansa, Benedict Lust, shi ne ya kai koyarwar Amurka. Kalmar kanta wani mai suna John Scheel ne ya ƙirƙiro ta a 1895, sannan Lust ya karɓe ta, ya buɗe makaranta a birnin New York a farkon ƙarni na 20. Sana'ar ta ja baya ƙwarai bayan da aka tsaurara tsarin karatun likita a Amurka, aka kuma samu magunguna irin su fenisilin, sai dai ta sake farfaɗowa daga shekarun 1970.

A yau matsayinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka fiye da jihohi 20 suna ba da lasisi ga waɗanda suka yi karatun shekara huɗu a makarantun da aka amince da su, alhali kuwa jihohin Carolina ta Kudu da Tennessee sun haramta sana'ar. A Indiya akwai digiri na shekara biyar da rabi wanda ya haɗa nacurofati da yoga, a ƙarƙashin ma'aikatar da aka kafa a 2014. Akwai kuma ɗimbin masu riƙe da takardar shaida ta 'yan makonni da suka samo ta intanet. Dukkansu suna ɗaya suke amsawa, kuma wannan shi ne babban abin da ke rikita majiyyaci.

Abin da ake yi a zuwan farko

Zuwan farko yakan ɗauki lokaci, sau da yawa awa guda ko fiye. Za a tambayi mutum abin da yake ci, yadda yake barci, irin aikinsa, yanayin bayan gidansa, damuwar da ke ransa da cututtukan da ke cikin danginsa. Mutane da dama sun fi jin daɗin wannan ɓangare, musamman wanda ya saba bin dogon layi a asibiti domin ganin likita na minti biyar. Mu ma muna ganin wannan sauraro abu ne mai kyau. Haka nan shawarwarin rage gishiri da sukari, barin taba, yawaita ganye da 'ya'yan itace da tafiyar ƙafa, duk shawarwari ne da likitan asibiti ma zai bayar ga mai hawan jini ko ciwon sukari.

Inda ake bukatar lura shi ne abin da ke biyo bayan hirar. Wasu sukan fito da wata na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, a ba mutum ɗan ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, cikin minti ɗaya ko biyu a ce an ga ciwon hanta, ƙoda, ƙashi da ƙarancin sinadarai iri-iri. Babu wata hujja ta kimiyya da ta nuna cewa irin wannan na'ura tana gano cuta. Haka abin yake ga masu duba ƙwayar ido su ce sun ga lafiyar kayan ciki. Ciwon sukari da awon jini ake gane shi, hawan jini da na'urar awon da ake ɗaurawa a dantse, tarin fuka da gwajin majina, zazzabin cizon sauro da ɗigon jinin yatsa. Galibi kuma sakamakon waccan na'ura yakan ƙare ne da jerin kwalaben da mai na'urar da kansa yake sayarwa. Duk inda mai gano cuta shi ne mai cin ribar maganin, ya kamata majiyyaci ya yi taka-tsantsan.

Wasu kuma sukan haɗa da homiyofati, wato maganin da ake tsarmawa da ruwa har sai kusan babu abin da ya rage na ainihin sinadarin. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta yi nazari mai faɗi, ta bayyana cewa babu wata cuta da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati yana maganinta. Batun wankin hanji domin fitar da abin da suke kira gubar jiki shi ma haka yake, domin hanta da ƙoda su ne ke wannan aiki, yawan wankin hanji kuwa yana iya jawo bushewar jiki.

Ganye ma magani ne mai ƙarfi

Sanin kowa ne cewa akwai magani a tsirrai. Maganin zazzabin cizon sauro da ake sha na kwana uku a yau an samo sinadarinsa ne daga tazargade, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma an kai ga haka ne bayan an tace sinadarin, an auna yawansa, an gwada shi a kan dubban mutane. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a riƙa shan jiƙon ganyen tazargade a madadin ƙwayar ba, domin ƙarfinsa ba ya daidaita, kuma shan abin da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. A farkon shekarun 1990, a wani ɗakin rage ƙiba da ke birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, mata kimanin 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin ganye da ya ƙunshi tsiro na dangin Aristolochia. Da yawa daga cikinsu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da cutar daji ta mafitsara. A nan gida ma muna da darasi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa da ruwan zafi ba daga kamfani suka fito ba, amma yawansu yana ɗora wa zuciya nauyi.

Babban haɗari na biyu shi ne haɗuwar ganye da maganin asibiti. Akwai wani ganyen Turai da ake kira St John's wort, wanda ake sanyawa a wasu kwalaben maganin damuwa. Yana rage ƙarfin wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙwayar tazarar haihuwa, da maganin hana daskarewar jini. Yawan shan ƙwayoyin tafarnuwa tare da maganin tsinka jini yana iya jawo zubar jini. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, saboda haka mai shan magani ya sanar da likitansa idan yana shan sa da yawa. Saboda irin wannan ne ake son wanda za a yi wa tiyata ya faɗi duk abin da yake sha, domin akan bukaci ya dakatar da wasu tun makonni biyu kafin ranar. Kada kunya ko tsoron faɗa ya hana mutum gaya wa likita ko malamar asibiti gaskiya. Ya ma fi kyau ya tafi da kwalbar ko ƙullin a hannunsa.

Masu juna biyu, masu shayarwa, jarirai da masu ciwon ƙoda ko hanta su ne suka fi shiga haɗari. Jariri ba ya bukatar komai sai nonon uwa har wata shida, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya shiga dogon ƙauracewa abinci da sunan wanke jiki.

Cututtukan da ba a jinkirta su

Illar da ta fi kowacce yawa ba daga abin da aka sha take zuwa ba, daga lokacin da aka ɓata ne. Wani bincike da masana na Jami'ar Yale suka wallafa a 2018 ya nuna cewa masu cutar daji da suka zaɓi irin waɗannan hanyoyi kaɗai, suka bar maganin asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi; ga masu cutar daji ta mama kuwa ya haura ninki biyar. Ƙullutu a mama, tarin da ya wuce mako biyu, zazzabi mai zafi ga yaro, jijjiga, zubar jini ga mai ciki, saran maciji, shanyewar ɓarin jiki da gudawa mai tsanani, duk waɗannan asibiti ake nufa kai tsaye. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana kuma shan sa wata shida ba yankewa. Duk wanda ya ce wa majiyyaci ya ajiye maganin hawan jini, farfaɗiya, sukari ko na cuta mai karya garkuwar jiki, ko ya hana a kai yara rigakafi, to a rabu da shi nan take, ko da wace irin takarda ya rataya a bango.

Abin da doka ta tanada

A Nijeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa ce doka ta ɗora wa alhakin yi wa masu irin wannan sana'a rajista, tun bayan gyaran dokar da aka yi a 1992. Majiyyaci yana da damar tambayar inda mutum ya yi karatu, shekara nawa ya yi, da kuma shaidar rajistarsa. Wanda yake da gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Magungunan da aka sarrafa aka zuba a kwalba ko kwali kuwa suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: akasarin magungunan ganye lambar wucin gadi hukumar take ba su, wadda ke ƙarewa da harafin L. Ma'anarta ita ce an duba maganin ta fuskar rashin cutarwa, amma ba a tabbatar da cewa yana warkar da cututtukan da aka lissafa ba, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Har ila yau, dokar abinci da magunguna ta hana tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin cututtuka irin su daji, ciwon sukari, hawan jini, farfaɗiya da tarin fuka. Mai lasifika da ke shelar warkar da su duka da kwalba ɗaya ya saɓa wa doka tun kafin ya sayar da komai.

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da kada su ba da ƙofar fada, makaranta ko harabar masallaci ga masu gwajin lafiya kyauta sai sun ga takardar izini, sun kuma tuntuɓi sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Idan wani ya sha magani ya ga kumburin fuska ko ƙafa, raguwar fitsari, idanu sun yi ɗorawa, ƙuraje ko amai, a dakatar da shan sa, a kai shi asibiti mafi kusa tare da ragowar maganin da kwalinsa. Ma'aikacin lafiya zai rubuta sunan maganin, lambarsa, inda aka saye shi da ranar da aka fara sha, sannan ya aika rahoto zuwa ofishin NAFDAC na jiha.