Yadda manhaja ke gane irin wayar da take aiki a kanta

Da yawa daga cikin manhajojin wayar salula, a haƙiƙa shafukan intanet ne da aka sanya wa rigar manhaja, domin a rubuta su sau ɗaya su yi aiki a wayoyin Android da na iPhone baki ɗaya.

Irin wannan manhaja tilas ne ta san wayar da ta samu kanta a ciki, kasancewar tsarin biyan kuɗi, da neman izinin amfani da kyamara, har ma da hanyar komawa baya, duk sun bambanta a tsakanin wayoyin biyu. Idan ta yi kuskure, tana iya tura mai wayar Tecno zuwa kantin App Store na Apple, inda babu abin da zai iya saukewa.

Layin gabatar da kai

Hanya mafi daɗewa ita ce karanta wani layin rubutu da ake kira User-Agent, wanda na'ura ke aikawa duk lokacin da ta nemi shafi. Yana cikin ƙa'idojin HTTP da aka wallafa a shekarar 1996, kuma a cikinsa ne akan ga kalmar Android ko iPhone. Tun daga Android 5.0 na shekarar 2014, akan ƙara haruffan wv, alamar cewa a cikin wata manhaja aka buɗe shafin.

To sai dai layin bai cika faɗin gaskiya ba. Kusan kowace manhajar shiga intanet tana fara gabatar da kanta da sunan Mozilla, al'adar da ta samo asali tun shekarun 1990, lokacin da Internet Explorer ya ari sunan don kada shafukan da aka tsara wa Netscape su juya masa baya.

A shekarar 2019 kamfanin Apple ya fitar da iPadOS 13, inda Safari a akasarin na'urorin iPad ya koma kiran kansa kwamfutar Macintosh. Masu rubuta manhaja sai suka koma duba ko allon na amsa taɓawar yatsa, abin da allon kwamfutar Mac ba ya yi.

Shi ma Google, a shekarar 2023, ya sa Chrome ya riƙa cewa Android 10 ne, samfurin K, ko da wace wayar Android ce, domin rage bin diddigin jama'a.

Tambayar ƙwanson manhajar

Abin da ya fi inganci shi ne shafin ya tambayi ƙwanson da ke ɗauke da shi, tun da shi an gina shi ne musamman domin wayar. Tsarin Apache Cordova, wanda ya samo asali daga PhoneGap, yana bayar da amsar kai tsaye ta device.platform.

Inda kuma ba lallai ne a san sunan ba, ƙwararru sun fi son a gwada ko wayar na iya aikin da ake buƙata, kamar gano wuri ko ɗaukar hoto. Wannan dabara kan ci gaba da aiki ko da an sami sabon tsari, kamar HarmonyOS NEXT na kamfanin Huawei na ƙasar Sin, wanda ya fito a shekarar 2024 ba tare da karɓar manhajojin Android ba.