Kazaure: Gadon Masarautar da Ta Tsiro a Kan Iyaka

A cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, Kazaure ce ta kusurwar arewa maso yamma, tana riƙe da ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Mai son fahimtar gadonta sai ya fara duba mazauninta, domin Kano da Katsina da Daura ne suka sa ta a tsakiya.

Ba ta cikin Hausa Bakwai, jihadi ne ya haife ta. Ɗan Tunku, shugaban Fulanin Yarimawa na yankin Ɗambatta, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819. An daɗe ana gwabzawa kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya bar wa Ɗan Tunku ƙasar da aka yanko daga gefunan maƙwabtan nan uku. Ɗansa Dambo, da ya gaje shi a 1824, shi ya ƙarfafa mulkin a garin Kazaure, inda duwatsu ke tsare gari daga mahara.

Wannan asali ya bar gado iri biyu, kuma kowanne yana da rauninsa. Na farko ginin ƙasa ne. Katangar tubali da yaɓe take rayuwa: kafin damina magini ya toshe tsaga, ya shafe bango da makuba, ya gyara zaman indararo don kada ruwa ya kwanta a kan azara. Damina kaɗan ta isa ta durƙusar da soron da aka daina yi wa haka. Da siminti da kwano suka karɓe kasuwa, yaran magina suka rage, gwanintar kuwa ba a takarda take ba.

Na biyu tarihin baka ne, kuma ba a fada kaɗai yake ba. A ƙauyukan Gwiwa da Roni, masu iyaka da Jihar Katsina, kasuwa da auratayya ba su san iyakar jiha ba. Dagatai da maroƙa da tsofaffin mata su ke riƙe da labarin wanda ya sari gari, da inda ya fito, da sarkin da ya bi. Nan ne ake ganin yadda ƙasa mai tushe uku ta zama ɗaya.

Wajen adana irin wannan gado, garin Damme na yankin Filandas a Beljiyam abin lura ne. Mashigin ruwan Zwin da ya arzuta shi ya cike da laka, ciniki ya ƙaura, amma mutanensa suka adana zauren majalisar garin na ƙarni na 15 da sawun ganuwarsu, yau baƙi ke zuwa kallo.

Kazaure tana da abin fara irin wannan aiki. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu za su iya auna tsofaffin gine-gine su zana taswirarsu, masarauta kuma ta sa a naɗi muryoyin dattawa gunduma-gunduma. Da dattawan ya kamata a fara, domin bangon da ya faɗi ana iya tayar da shi muddin akwai wanda ya san yadda yake.