Auna ingancin bayanan kayan aikin ma'ajiyar kod

Auna ingancin bayanan kayan aikin ma'ajiyar kod wani sashe ne na injiniyancin manhaja da ke duba ko rubutun da ke bayyana wani kayan aiki ya isa ya sa wakilin ƙirƙirarriyar basira ya yi amfani da shi daidai. Ma'ajiyar kod ita ce inda ake adana fayilolin manhaja tare da tarihin duk canjin da aka yi musu. Wakili kuwa manhaja ce da aka gina a kan babban samfurin harshe, wadda ke iya karanta fayil, ta gyara kod, ta tura gyaran zuwa ma'ajiya irin ta GitHub ko GitLab ba tare da an ba ta umarni a kowane mataki ba.

Idan mai rubuta manhaja bai gane wani umarni ba, yakan tambayi abokin aiki. Wakili galibi ba ya ganin komai game da kayan aikin sai sunansa da bayaninsa da jerin abubuwan da yake karɓa. Kuskure a wannan ɗan rubutu kan zama kuskure a cikin aikin kansa.

Tarihi

Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a shekarar 2005, aka buɗe GitHub a 2008. Tsawon shekaru, fayil ɗin README shi ne babban bayanin ma'ajiya, kuma don mutane ake rubuta shi.

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da Model Context Protocol, wato MCP, ƙa'idar da ke haɗa wakilai da kayan aiki na waje. A ƙarƙashinta kowane kayan aiki yana da suna, da bayani cikin harshen mutane, da tsarin shigarwa da ake rubutawa da JSON Schema. GitHub ya fitar da tasa sabar ta MCP a watan Afrilun 2025. A shekarar ce kuma fayil ɗin AGENTS.md ya yaɗu, inda ake rubuta wa wakili yadda ake gina manhajar da yadda ake gwada ta. A watan Disamban 2025 aka miƙa MCP da AGENTS.md ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation.

Abubuwan da ake dubawa

Manufa: bayani ya faɗi abin da kayan aikin ke yi da lokacin da ya dace a ɗauke shi. Idan akwai mai neman fayil da sunansa da kuma mai neman kalma a cikin kod, dole rubutun ya raba su.

Shigarwa: a bayyana abin da ya zama dole da wanda zaɓi ne, da abin da zai faru idan an bar gurbi, misali reshen da za a yi aiki a kansa idan ba a ambaci ko ɗaya ba.

Illa: a nuna ko kayan aikin karatu kawai yake yi ko yana canza wani abu. Tura gyara da ƙarfi a Git na iya shafe aikin wasu daga reshe. Sabunta MCP na watan Maris 2025 ya ƙara alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint don wannan.

Saƙon kuskure: GitHub kan mayar da lambar 404 idan aka nemi ma'ajiya ta sirri ba tare da izini ba. In bayani bai faɗi haka ba, wakili zai ɗauka babu ma'ajiyar.

Tsawo: samfurin harshe yana da iyakar rubutun da zai riƙe a lokaci guda, kuma kowane bayani yana cin wani kaso. Shi ya sa sabar GitHub ta kasa kayan aikinta rukuni-rukuni, a kunna wanda ake buƙata.

Hanyoyin gwaji

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya karanta bayanin, ya kwatanta shi da abin da kod ɗin ke yi. Akan kuma sa manhaja ta duba ko akwai gurbin da ba a bayyana ba. Hanya ta uku ita ce gwaji a aikace: a ba wakili ayyuka, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace da yawan kuskurensa, sannan a canza bayanin kaɗai a sake gwadawa. Tun da amsar samfuri takan bambanta daga gwaji zuwa gwaji, akan maimaita sau da yawa.

SWE-bench, wanda ya fito a 2023, yana da ayyuka 2,294 daga ma'ajiyoyin Python 12 da ke GitHub. Sai dai tsarin gaba ɗaya yake aunawa, don haka makinsa ba ya ware rawar da bayani ya taka.

Tsaro

Wakili yana iya ɗaukar duk rubutun da ya karanta a matsayin umarni. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda za a ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, inda samfuri ke gani amma mai amfani ba lallai ya gani ba. A watan Mayu sun nuna cewa ƙorafin da aka rubuta a buɗaɗɗiyar ma'ajiya na iya sa wakili ya fitar da bayanan ma'ajiyar sirri. Saboda haka aunawa ta haɗa da duba daga ina bayanin ya fito, ko ya canza bayan an amince da shi, da kuma girman izinin da aka ba wakilin.

Duba kuma

Git
GitHub
Ƙirƙirarriyar basira
Tsaron intanet