Wasiƙar Gargaɗi: Tarihin Dokar Hadopi ta Faransa

A shekarar 1999 wani ɗalibi ɗan Amurka mai suna Shawn Fanning ya fito da manhajar Napster, wadda ta ba mutane damar kwasar waƙoƙi kai tsaye daga kwamfutocin junansu ba tare da biyan ko sisi ba. Shari'a ta sa aka rufe ta a 2001, amma a wannan shekarar ce Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent. Ita wannan hanya ba ta da rumbu guda da za a garƙame. Ana tsinka fim ko waƙa gutsure-gutsure, mai saukewa yana karɓa daga mutane da dama, kuma a lokaci guda yana miƙa wa wasu abin da ya samu. Duk mai ɗauka, mai rabawa ne.

Kamfanonin waƙa na Amurka sun fara ne da kai ƙarar ɗaiɗaikun mutane. Tsakanin 2003 da 2008 sun maka dubban jama'a a kotu, har aka yanke wa wata mata a jihar Minnesota biyan dala 222,000 a 2007 saboda waƙoƙi 24. Mutane suka ga an wuce gona da iri, sauke-sauke kuwa bai tsaya ba. Daga nan hankali ya koma kan mai tsaron ƙofa, wato kamfanin da ke sayar wa gidaje intanet, domin shi ne ya san sunan da ke bayan kowace lamba.

Faransa na cikin ƙasashen da suka fara mayar da wannan tunani doka. A 2009, zamanin Shugaba Nicolas Sarkozy, aka kafa hukumar Hadopi. Wakilan masu haƙƙin mallaka sukan shiga cikin masu musayar fim, su rubuta lambar IP ta kowa, su miƙa wa hukumar. Ita kuma ta tambayi kamfanin intanet mai wannan layi. Karon farko a aika masa saƙon imel. In ya sake cikin wata shida, a aiko da wasiƙar da sai ya sa hannu zai karɓa. In ya kuma, ana iya tura batunsa gaban mai gabatar da ƙara. Tun asali an so hukumar ta riƙa yanke wa mutum intanet da kanta, sai Majalisar Tsarin Mulki ta ƙasar ta hana a watan Yunin 2009. Hujjarta ita ce shiga intanet na cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka alƙali kaɗai ke da ikon hana shi. Saƙonnin farko sun fita a watan Oktoban 2010.

A nan gizo yake saƙar. Lambar IP gida take nunawa, ba ta nuna wanda ya zauna gaban kwamfuta. Shi ya sa laifin da dokar ta tanada ya zama sakaci wajen tsare layi, tararsa tana iya kai yuro 1,500. Mutum na farko da aka hukunta, a garin Belfort a 2012, ya biya yuro 150 kan waƙoƙin da matarsa ta amsa cewa ita ta sauke. A 2013 gwamnati ta soke hukuncin yanke layi, a farkon 2022 kuma aka haɗe Hadopi da hukumar kula da rediyo da talabijin, suka zama Arcom. Amurka ma ta gwada nata tsarin mai gargaɗi shida daga 2013, tare da kamfanoni irin su Comcast da Verizon, aka yi watsi da shi a 2017. Kafin nan jama'a da yawa sun koma Spotify da Netflix, inda kuɗi kaɗan ke buɗe wa mutum abin da a da sai ya sato.

Mu a zangunanmu ba mu saba ganin irin wannan wasiƙa ba, domin musayarmu a shagon masu tura fim a katin waya ta fi gudana. Duk da haka mun shaida yadda kasuwar faifan finafinan Hausa ta durƙushe, har masu shirya su da yawa suka koma YouTube neman mayar da jarinsu. Wanda ya sha wahalar aiki yana da haƙƙi, barazana kuwa ita kaɗai ba ta ƙwato masa shi ba. Sauƙin farashi da sauƙin samu sun fi ta tasiri.

'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko neman abinci a Faransa su lura: tsarin gargaɗin bai mutu tare da sunan Hadopi ba. Wanda layin ɗaki ke ɗauke da sunansa, shi wasiƙa za ta samu, ko da maƙwabcin da ya ba lambar sirri ne ya yi saukar.