Asalin Kalmar Yaye

Daga ɗakin uwa kalmar ta fito. Yaye shi ne cire yaro daga nono, galibi in ya doshi shekara 2, a kai shi wajen kakarsa har ya manta. Sai kalmar ta shiga sana'a: tela kan yaye yaronsa, wani lokacin har da kyautar keken ɗinki, ya je ya buɗe nasa shagon. Wannan ma'anar ta fi burge ni, domin ba a sallamar yaron hannu rabbana. Boko ma ya ɗauke ta: Jami'ar Bayero kan yi bikin yaye ɗalibai, a Zariya a yaye kuratan soja. A makarantar allo kuwa sauka ake cewa, a zayyana allo, a yi walima.