Daga Takarda da Fensir Zuwa Kwamfuta: Tarihin Wasannin Shiga Rigar Jarumi

Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne wani nau'in wasan kwamfuta da Turawa ke kira RPG a taƙaice, wanda ni kuma na ga ya dace mu kira shi wasan shiga rigar jarumi. Dalili kuwa shi ne a irin wannan gem ɗin kai ne za ka ƙirƙiri mutumin da za ka zama, ka ba shi suna da sana'a da hali, ka shiga duniyar labarin, kuma duk abin da ka zaɓa sai ya biyo ka. Da yawa daga cikinmu ƙwallon ƙafa da tseren mota kaɗai muka sani a gem, wasu iyaye kuma gaba ɗaya shiririta suke ɗaukar abin. Ni dai ina ganin wanda ya san asalin abu ya fi iya yanke masa hukunci na adalci, ko zai karɓe shi ko zai ƙi shi.

Asalin abin

Wannan wasa a kan tebur aka haife shi. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Yadda ake yi shi ne mutum huɗu ko biyar su zauna, ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali, sauran kowa ya riƙe takardar da aka rubuta ƙarfin jaruminsa da basirarsa da lafiyarsa da lambobi. Idan ka ce za ka haura katanga, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai wata tana da fuska har 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ka haura ko ka faɗo. Har gobe wannan lissafi shi ne ƙashin bayan waɗannan wasanni, kwamfuta ce kawai ta karɓi aikin alƙalin da jefa ƙwayar.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne ɗalibai da ma'aikatan jami'a ne suka fara kai shi kwamfuta. Jami'ar Illinois tana da wani tsarin koyarwa mai suna PLATO, kuma a wajejen 1975 aka rubuta wasanni irin su pedit5 da dnd a kansa, alhali injin na karatu ne, masu kula da shi kuma sun sha goge irin waɗannan wasanni. A 1980 Michael Toy da Glenn Wichman suka yi Rogue a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wasan da babu hoto ko ɗaya a cikinsa, haruffa ne dodanni, kuma idan jaruminka ya mutu shi ke nan sai ka faro daga farko.

Ultima da Wizardry

Da kwamfutar gida ta Apple II ta yaɗu, sai abin ya zama kasuwa. Wani matashi a jihar Texas, Richard Garriott, wanda mahaifinsa ɗan sama jannati ne, ya rubuta Akalabeth a 1979, ya riƙa sayar da shi cikin leda a shagon kwamfutar da yake aiki. A 1981 ya fitar da Ultima, a wannan shekarar kuma Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka fitar da Wizardry. Waɗannan biyu har Japan suka kai, inda suka yi tasiri a kan Dragon Quest na 1986. Daga nan hanya ta rabu biyu. Mutanen Japan suka fi karkata ga tsararren labari da jarumin da aka riga aka zana maka, su kuwa na Yamma suka fi damuwa da ba ka 'yancin zaɓi.

A cikin shekarun 1980 an yi wa Dungeons & Dragons ca a Amurka. Wasu iyaye da malaman coci suka ce yana koya wa yara tsafi da bautar shaiɗan, har aka kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983, kuma da TSR ta sake buga dokokin wasan a 1989 sai ta cire sunayen shaiɗanu daga ciki. Ke nan damuwar da iyayenmu ke nunawa a yau, iyayen Turawa sun riga su nuna ta. Garriott ma ya samu wasiƙun koke, ya kuma lura cewa a wasanninsa na baya wanda ya yi sata ya kashe mutanen gari shi ke saurin yin ƙarfi. Amsar da ya bayar ita ce Ultima IV na 1985. A cikinsa babu wani babban mugu da za ka kashe ka gama. Aikinka shi ne ka cika ɗabi'u takwas: gaskiya, tausayi, jarumta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin zuciya da tawali'u. Akwai makauniya mai sayar da kayan haɗi, kana iya ba ta kuɗin da bai kai ba, ba za ta gani ba, amma wasan ya gani, kuma zai rage maka matsayin gaskiya. A ganina daga wannan shekara ne nau'in ya samu abin da ya bambanta shi da sauran gem, wato tambayar wane irin mutum ne kai idan babu mai kallonka.

Faɗuwa da tashi

Bayan Pool of Radiance da Wasteland na 1988, da Ultima VII da Ultima Underworld na 1992, sai kasuwa ta juya. Doom ya fito a 1993 da saurinsa da harbe-harbensa, kamfanoni suka ga kamar babu mai haƙurin karanta dogon rubutu a allo kuma. Wasanni uku ne suka dawo da martabar nau'in. Diablo, wanda ya shiga kasuwa a farkon 1997, ya sauƙaƙa faɗa ya koma danna linzami kawai. Fallout na 1997, wanda Tim Cain ya jagoranta a kamfanin Interplay, ya kai ka duniyar bayan yaƙin nukiliya, aka ba ka kwana 150 ka nemo na'urar tace ruwa kafin mutanenka su mutu da ƙishirwa. A cikinsa kana iya gamawa da babban abokin gabarka da hujja da magana ba tare da ka harba harsashi ba, idan kuma ka yi jarumi mai ƙarancin basira, maganarsa ma ba ta fita daidai, mutane su riƙa yi masa kallon wawa. Na uku shi ne Baldur's Gate na 1998, wanda ya zo a faifan CD biyar daga kamfanin BioWare na Edmonton a Kanada, kamfanin da likitoci uku suka kafa a 1995.

Tsakanin 1997 da 2004 shi ne lokacin da wasu masu sha'awar abin ke kira zamanin zinare. Planescape: Torment ya fito a 1999, labarin mutumin da ba ya mutuwa, duk sanda ya farfaɗo sai ya tarar da ɓarnar da ya yi a rayuwar da ya manta tana jiransa. Baldur's Gate II da Deus Ex suka zo a 2000, Gothic daga Jamus a 2001, Morrowind a 2002, Knights of the Old Republic a 2003. Amma yabo ba ya biyan albashi. An rufe Black Isle, masu Torment, a ƙarshen 2003, aka rufe Origin ta Garriott a 2004 bayan shekara 12 a hannun Electronic Arts, Troika kuma ta rushe a 2005 bayan wasanni uku kacal. Kuɗin yin gem ya ninka saboda hoto da muryoyin 'yan wasa, kuma duk hanyar da ka ba mai wasa ya zaɓa sai ka biya kuɗin gina ta, ko da rabin masu saye ba za su taɓa bin ta ba.

Saboda haka manyan kamfanoni suka koma wa na'urorin Xbox da PlayStation, suka rage lissafi da rubutu, suka ƙara kyan gani. Oblivion na 2006, Mass Effect na 2007, Fallout 3 na 2008 da Skyrim na 2011 sun shigo da miliyoyin sababbin masu wasa, ko da yake tsofaffin hannu sun yi ta ƙorafin an tsinka miyar da ruwa. A 2012 sai masu wasa suka sa hannu a aljihu da kansu ta dandalin Kickstarter. Wasteland 2 ya tara kusan dala miliyan 3, aikin da ya zama Pillars of Eternity kuma ya tara kusan miliyan 4 daga mutum sama da 70,000. Daga nan kuma cibiyar abin ta fara gusawa zuwa Turai. CD Projekt ta ƙasar Poland ta fitar da The Witcher 3 a 2015, wanda aka gina a kan littattafan marubucinsu Andrzej Sapkowski. Wasu 'yan Istoniya suka yi Disco Elysium a 2019, labarin ɗan sanda mai bincike wanda kusan babu faɗa a cikinsa sai magana da tunani. Larian ta birnin Ghent a Beljiyam ta fitar da Baldur's Gate 3 a 2023, ya lashe kyautar gwarzon wasa na shekara, ga shi kuwa a gaban idonka ake jefa ƙwaya mai fuska 20, kamar dai a 1974.

Shawara ga sabon shiga

Na farko, ka dubi kwamfutarka da aljihunka. Da tsohuwar zuma ake magani. Fallout na farko da na biyu, da Torment, da Baldur's Gate da kamfanin Beamdog ya sabunta tun daga 2012, duk suna tafiya a kan ƙaramar laftof ta ɗalibi, kuma kantin intanet na GOG yana sayar da su da araha, musamman lokacin rangwame.

Na biyu, ka zaɓa gwargwadon halinka. Wanda bai taɓa bugawa ba, ni Knights of the Old Republic ko Mass Effect nake ba shi, domin suna riƙe hannunka. Mai son yawo ya ga duniya ya ɗauki Skyrim. Mai son siyasa da zaɓi mai nauyi ya nemi Fallout: New Vegas na 2010, wanda a wurina ya fi duk 'yan gidansu na bayan 2000. Mai son karatu kuma Turancinsa ya nuna, ga Torment da Disco Elysium. Ɗalibin tarihi da ba ya son labarin sihiri yana da Kingdom Come: Deliverance na 2018, wanda aka kafa a ƙasar Bohemiya ta shekarar 1403, da Pentiment na 2022, wanda ke faruwa a wani ƙauyen Bavariya a ƙarni na 16.

Na uku, ka fara a matakin sauƙi, babu kunya a ciki. Ka riƙa ajiye wasanka a gurbi fiye da ɗaya, ka yi magana da duk wanda ka tarar a gari, ka karanta abin da aka rubuta. A zagayen farko kada ka je intanet neman amsa, kuma idan zaɓinka ya haifar da asara ka zauna da ita ka ga inda za ta kai ka, domin a nan daɗin abin yake.

Na huɗu, ka duba tambarin shekaru a jikin wasa, PEGI a Turai, ESRB a Amurka. The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 duk na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin PEGI, akwai tsiraici da zubar da jini, kodayake na biyun yana da wurin rufe tsiraicin. Yawancin wasannin nan kuma cike suke da sihiri da ƙagaggun alloli. Kowa ya san iyakar da addininsa da tarbiyyarsa suka sa masa, kada kuma mu ɗora wa ƙannenmu da 'ya'yan masu masaukinmu abin da ba mu duba ba.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne lokaci. Wasa ɗaya daga cikin manyan nan kan ci awa 50 zuwa sama da 100, kuma an gina shi ne ta yadda kullum akwai ɗan aiki guda da ya rage. A ƙasar da dare ke da tsawo da hunturu, ga kaɗaici, abu ne mai sauƙi mutum ya rufe ƙofa ya bar lakca da sallar jam'i da zumunci. Ni dokata ita ce ba na fara sabon wasa sai na miƙa aikin zango, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar bin irin wannan doka ba. Kuɗin makaranta da aka tara aka turo mu ya fi ƙarfin a yi wasa da shi.

Abu na ƙarshe da tarihin nan ya nuna mini shi ne waɗanda suka gina shi yawancinsu ɗalibai ne da ƙananan ƙungiyoyi, kuma ƙasashe irin su Poland da Istoniya sun shiga ne da labaransu na gida. A Kamaru ma kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016. A cikinmu akwai masu karanta ilmin kwamfuta, akwai masu zane, akwai masu adabi, ga tarihin Daura da Kano da fataucin Sahara yana nan. Duk wanda ke da wannan buri, ya fara da buga Ultima IV da Fallout da biro da takarda a gefensa, yana rubuta yadda aka tsara kowane zaɓi da sakamakonsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama karatu lafiya mu koma gida da abin alheri. Wassalam.